Tallafin Gwamnati da Aiki Daga Nesa a Jos: Abin da Kuɗin Ya Kamata Ya Saya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tallafin da gwamnatocin Nijeriya suka bai wa ƙananan kamfanoni tun daga annobar korona ta 2020, ta auna shi da bukatun wanda yake son yin aiki daga nesa a birnin Jos. Ta nuna cewa kuɗin ya fi tafiya wajen biyan albashi na ɗan lokaci da raba kayan aiki da horaswa, alhali abubuwan da ke tsayar da irin wannan aiki a Jos su ne wutar lantarki, layin intanet mai ɗorewa, wurin zama, da kwangilar da za ta biya ma'aikaci. Ta kuma ja hankali ga wani abu da ya keɓanci Jos: garin da rikici ya riga ya raba unguwanninsa, aiki daga gida yana iya ƙara raba shi. An dogara da bayanan shirye-shiryen gwamnati da aka bayyana wa jama'a, da abin da mai maƙalar ya gani a matsayinsa na mazaunin garin.

1.0 Gabatarwa



Ranar 14 ga Agusta 2021 aka tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe su. Gwamnatin jihar Filato ta sa dokar hana fita, wadda ta zama ta awa 24 a Jos ta Arewa. Ba a gama sassauta ta ba sai ga harin Yelwa Zangam a cikin watan, aka sake rufe gari. Jami'ar Jos ta dakatar da karatu, jihohi suka riƙa aiko motoci suna kwashe ɗalibansu.

A waɗancan kwanaki ina taimaka wa wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai da ke kula da marayu, kuma rahoton kuɗin da masu ba ta tallafi ke jira ya zo daidai da rufe garin. Akanta yana Unguwar Rogo, shugabar tana Tudun Wada, takardun shaidar kashe kuɗi suna kulle a durowar ofis a tsakiyar gari. Tafiyar da ba ta wuce ta minti ashirin a keke ba ta gagari kowa. Da aka ce a haɗu ta Zoom, akanta ya ce kwana biyu ke nan ba su ga wuta ba, mai cajin waya na bakin layi ma ya rufe shago. Da saƙon murya na WhatsApp aka haɗa rahoton, adadi bayan adadi, shugabar tana rubutawa a littafin makarantar ɗanta.

Tun daga lokacin nake ganin cewa maganar aiki daga nesa a Jos ta sha bamban da yadda ake yin ta a Legas. Mutumin Legas cunkoson hanya yake gudu. Mutumin Jos kuwa nisansa iri uku ne: nisan da tsoro ya sa tsakanin unguwa da unguwa, nisan da tsadar mota ta sa tsakanin gida da ofis, da nisan da ke tsakaninsa da masu ɗaukar aiki, waɗanda galibinsu suna Abuja da Legas da ƙasashen waje. Tambayar wannan maƙala ita ce: idan gwamnati ta ware kuɗi don rage wannan nisa, me ya kamata kuɗin ya saya?

2.0 Abin da Ake Nufi da Aiki Daga Nesa

Aiki daga nesa shi ne mutum ya yi aikin da ake biyansa ba tare da ya je wurin mai aikin ba, ta hanyar waya ko kwamfuta da intanet. Ba-Amurken injiniya Jack Nilles ne ake jingina wa sunan da Turawa suka raɗa wa abin, a 1973, shekarar da farashin man fetur ya tashi a duniya. Wato tun asali tsadar mai tana cikin abin da ya haifi tunanin. Mu ma ita ta dawo mana da shi. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, jihohin Kwara da Edo sun rage ranakun zuwa ofis zuwa uku a mako.

Sai dai kada mu ɗauka cewa aiki daga gida baƙo ne ga Bahaushe. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta rubuta tun 1969 a kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajensu, yara suna kai kaya suna dawo da kuɗi. Mai ƙuli-ƙuli da mai ɗinkin hula da mai dafa dambu sun daɗe suna sana'a ba su taka kasuwa ba. 'Yar talla ita ce layin sadarwarsu. A yau matar da ke sayar da turaren wuta da atamfa ta WhatsApp daga Gangare, mai keke yana kai wa masu saye, wannan tsohon tsarin ta gada, waya ce ta karɓi aikin yarinya, kuma idan Allah ya sa yarinyar ta tafi makaranta. Kullen korona ya koya wa maza abin da mata suka daɗe da sani.

Game da ko aikin yana inganta, akwai bincike mai ƙwari. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokansa sun gwada shi a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, suka samu cewa ma'aikatan amsa waya da suka koma gida aikinsu ya ƙaru da kashi 13 cikin 100. Binciken da suka fitar a 2024 a mujallar Nature ya nuna cewa raba mako tsakanin gida da ofis ya rage barin aiki da kusan kashi ɗaya bisa uku. A 2020 kuma Jonathan Dingel da Brent Neiman sun ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 na ayyukan Amurka za a iya yin su daga gida, suka nuna cewa adadin yana raguwa a ƙasashe matalauta. Abin lura shi ne, duk ma'aikatan da aka yi wannan bincike a kansu ba wanda yake tunanin ko za a kawo wuta yau.

3.0 Tallafin da Aka Bayar

A ƙasashen da suka ware kuɗi musamman don wannan, hanya uku aka bi. Jihar Maryland ta Amurka ta yi doka a 2021 da ta kafa tallafi don kamfanoni su sayi kayan aiki da manhajojin da ma'aikatansu za su yi amfani da su daga gida. Jihar Vermont, a 2018, ta yi alkawarin biyan har dala 10,000 ga ma'aikacin nesa da ya tattara ya koma jihar da zama. Ayilan kuwa, a shirinta na raya karkara na 2021, ta zuba kuɗi a cibiyoyin aiki na haɗaka a ƙananan garuruwa, ta haɗa su a manhaja ɗaya inda mutum zai kama tebur na yini ko na wata. Zan dawo kan wannan ta ukun, don ita ta fi kama da bukatarmu.

A Nijeriya ga abin da aka yi. A watan Maris 2020 Babban Banki ya ware naira biliyan 50 ta hannun bankin NIRSAL don gidaje da ƙananan kamfanoni. Rance ne, ko da yake mutane da yawa sun karɓe shi a matsayin rabon gwamnati, sai da aka fara cire kuɗi daga asusunsu suka farga. Daga nan sai asusun ceto ƙananan masana'antu na naira biliyan 75, a ƙarƙashin shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3 da Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya jagoranta. Wannan kyauta ce. Ya biya tsakanin naira 30,000 da 50,000 a wata, na wata uku, ga ma'aikata har goma a kowane kamfani, ya bai wa masu sana'ar hannu naira 30,000 sau ɗaya, ya kuma ɗauki nauyin rajistar sunayen kasuwanci 250,000 a hukumar CAC.

Wanda ya fi kusa da batunmu shi ne NG-CARES, shirin dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disamba 2020, inda aka tsara wa kowace jiha, har da Filato, dala miliyan 20. Ɓangarensa na uku na ƙananan kamfanoni ne, kuma a cikinsa akwai tallafin kuɗin gudanarwa da na inganta fasahar sadarwa. Yana da wani tsari da ya cancanci a koya: jiha ce take fara kashe kuɗinta, masu tantancewa masu zaman kansu su je su ga aikin, sannan a mayar mata.

Bayan korona sai hankali ya koma ga horaswa da jarin kamfanonin fasaha. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha ranar 19 ga Oktoba 2022. A Maris 2023 aka ƙaddamar da shirin iDICE, na sama da dala miliyan 600, ta hannun Bankin Masana'antu. A ƙarshen 2023 Minista Bosun Tijani ya fara shirin 3MTT tare da hukumar NITDA, da burin horas da mutum miliyan uku, rukunin farko 30,000. A 2024 kuma aka raba naira 50,000 ga masu ƙananan sana'o'i a ƙarƙashin tallafin shugaban ƙasa.

Ba na raina ko ɗaya daga ciki. Albashin wata uku ya riƙe malaman makarantu masu zaman kansu da yawa a lokacin da aka rufe makarantu. Amma a cikin jerin nan babu wanda aka tsara shi don ma'aikaci ya iya zama a Jos yana yi wa wani wuri aiki, kuma galibinsu kasuwanci suka fuskanta. Ƙungiyoyin sa-kai, waɗanda Jos ke cike da su tun bayan rikicin 7 ga Satumba 2001, suna gefe.

4.0 Wuta Kafin Kwamfuta

Jos ta taɓa sayar wa duniya kaya, kuma ta san abin da hakan ya bukata. Da Turawa suka zo haƙar kuza, ba diga da shebur kawai suka raba wa leburori ba. Sun shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya iso Jos da Bukuru a 1914, sannan a 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ke samar da lantarki daga ruwan Kura domin ma'adinai. Hanyar fitar da kaya da wutar sarrafa shi, su aka fara tanada. An rufe wancan layin dogo a 1957, kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985, amma darasin yana nan. Abin da muke son fitarwa yanzu aikin ƙwaƙwalwa ne, layin dogonsa intanet, kuma har yanzu wuta yake ci.

Akwai wani ƙanena da ke yi wa wani kamfanin waje aikin sauraron muryoyin Hausa yana rubuta su, irin aikin da ake horas da na'urori da shi. Yana zaune a ɗaki ɗaya a bayan hanyar Bauchi. Kwamfutarsa ta hannu ce, batirinta ba ya kai awa ɗaya. Idan aka kawo wuta ƙarfe biyun dare, ƙarar firijin maƙwabta ce ke tashinsa, ya zauna da bargo a kafaɗa ya yi aiki har asuba. Ranar da ba a kawo ba, sai ya ɗauki galan ya sayo lita biyu ya tayar da ƙaramin janareta, kuma ƙararsa tana shiga cikin muryoyin da yake sauraro. Yakan ɗora wayarsa a kan taga don nan ne kawai sabis yake kamawa. Kamfanin yana auna shi da sa'o'in da ya cika da saurin mayar da aiki. Sau biyu aka rage masa matsayi, ba don kuskuren Hausa ba. Na tambaye shi, da za a ba shi tallafi me zai saya? Bai ce sabuwar kwamfuta ba. Cewa ya yi, "Yaya, sola da batir."

A yi lissafi. A ƙarshen 2024 litar fetur ta haura naira 1,000 a wurare da dama, wato tallafin naira 50,000 ba zai cika lita 50 ba. A Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane ma'auni, kafin a ɗan rage. Wanda ke kan wannan layi yana da wuta mai tsada, wanda ba ya kansa yana da mai araha da ba ta zuwa. A Janairu 2025 kuma hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Idan aka bai wa mutum kwamfuta a wannan hali, an ba shi doki ne ba a ba shi ciyawa ba. Na san gidajen da kwamfutar rabo ta zama abin kallon fim, na san inda aka kai ta kasuwa aka biya kuɗin haya, kuma ban ga laifin masu ita ba.

Jos tana da wata baiwa a nan da ba a cika lissafa ta ba. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyinsa ya sa ɗakin aiki ba ya bukatar na'urar sanyaya ɗaki yawancin shekara. Wanda ya taɓa zama a ofis a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ya san cewa ita ce mai cinye wuta. Ɗaki mai tebur ashirin a Jos farantan sola kaɗan za su riƙe shi.

Ta fuskar intanet, an ɗan motsa. A 2020 Filato tana cikin jihohin da suka amince da naira 145 a kowace mita a matsayin kuɗin haƙa hanyar binne wayar intanet, kamar yadda majalisar tattalin arziki ta ƙasa ta tsayar. Kamfanin intanet na Starlink ya shigo Nijeriya a Janairu 2023, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shimfiɗa wayar faiba mai tsawon kilomita 90,000. Amma layi ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik. A Satumba 2021 an rufe layukan waya a Zamfara saboda tsaro. Ma'aikaci ɗaya ba zai iya biyan layi biyu ba, mutum talatin a ɗaki ɗaya za su iya.

5.0 Gidan da Za a Yi Aikin

Wanda ya ƙirƙiro kalmar aiki daga gida yana hango gida mai ɗakin karatu. A Rikkos ko Dilimi ko Nasarawa, gidan haya ne mai ɗakuna jere, tsakar gida ɗaya, injin markaɗe a maƙwabta, yara sun taso daga islamiyya. Ga mace abin ya ninka. Muddin tana gida, ba wanda zai yarda aiki take yi: baƙuwa za ta shigo, yaro zai yi kuka, uwar miji za ta aiko. Duk da haka ita ce wadda ta fi kowa cin moriyar abin, domin akwai matan da suka gama Jami'ar Jos ko kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da sakamako mai kyau, aure ko reno ya hana su aikin ofis, ba kuma za a bar su su tafi Abuja ba. Irin waɗannan abin da zai yi musu shi ne wurin da za su taka da ƙafa cikin minti goma, mai ɓangaren mata da ɗan ɗakin reno, su yi awa huɗu su dawo.

6.0 Wa Zai Ba da Aikin?

Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Takardar shaidar horaswa ba ta biyan albashi, kuma mun kai matsayin da matashi ɗaya yake da takardu uku daga shirye-shirye uku, bai taɓa karɓar kwangila ko ta naira dubu goma ba.

Jos ba ta rasa tushe ba. Cibiyar nHub, wadda David Daser ya kafa a 2015, tana cikin na farko-farko a arewa da suka horas da masu rubuta manhaja da nufin su yi wa kamfanonin wasu wurare aiki, kuma shi ne daga baya ya shugabanci PICTDA, hukumar raya fasahar sadarwa ta jiha, a zamanin Gwamna Simon Lalong. Hedikwatar asusun horas da ma'aikata na ITF tana Jos. Hukumar fina-finai ta ƙasa da makarantarta suna nan, haka kwalejin talabijin ta NTA, kuma tace fim da haɗa sauti da fassara suna cikin ayyukan da ake aikawa ta intanet. Ga Hausa da Ingilishi a bakin kusan kowane ɗan gari, abin da kamfanonin amsa kiran abokan ciniki ke nema. Amal Hassan, 'yar Kano, ta nuna da kamfaninta Outsource Global cewa ana iya yi wa kamfanonin Amurka aiki daga Abuja da Kaduna. A Maris 2024 Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da shirin jawo irin waɗannan ayyuka a Gombe.

Abin da ya rage shi ne mai haɗa mai aiki da ma'aikaci. Kamfanin waje ba zai damƙa bayanan abokan cinikinsa ga wani saurayi da bai sani ba a ɗakin haya. Yana son kamfani mai rajista da zai kama idan an yi ɓarna, wanda ke bin dokar kare bayanai ta 2023. Saboda haka tallafin da zai yi tasiri shi ne wanda ake bai wa kamfanin da ya kawo kwangila, a kan kowane ma'aikacin da ya ɗauka a Jos ya riƙe shi wata shida ko shekara, bayan an ga shaidar albashi a banki. Tsarin NG-CARES ke nan na a gani kafin a biya. Ya fi wahalar gudanarwa fiye da tara mutane a zaure a raba kwali ana ɗaukar hoto, shi ya sa ba a cika son sa ba.

A gefe guda, dokar ƙwadago da muke amfani da ita ta shekarun 1970 ce, ba ta san ma'aikacin da ke ɗakinsa ba. Wa zai biya data da mai? Idan wutar janareta ta ƙone shi yana bakin aiki, raunin wurin aiki ne? Kamfanin da ya ci tallafin gwamnati, a ƙalla a sa shi ya rubuta amsar waɗannan a takardar ɗaukar aiki.

7.0 Garin da Ya Rabu

Nan ne nake da damuwa da abin da ni kaina nake goyon baya. Rikicin 2001 da na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 sun sa mutane sun sayar da gidaje, wasu sun yi musaya, kowa ya koma inda nasa suke. Babbar kasuwar Taminus, inda kowa ke cuɗanya da kowa, ta ƙone a Fabrairu 2002, kuma yunƙurin sake gina ta da haɗin gwiwar bankin Jaiz a 2022 ya gamu da taƙaddama, bai tabbata ba. Yaron da aka haifa a shekarar gobarar yanzu ya wuce shekara ashirin. Akwai irinsa da yawa da suka yi firamare da sakandare ba su zauna benci ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Wuraren da suka rage ana haɗuwa kaɗan ne: jami'a, asibiti, kasuwar Farar Gada, da wurin aiki. A ofis ne Musulmi yake sanin cewa abokin aikinsa ya yi haihuwa ya je barka, a nan ne ake aika wa juna naman Sallah da shinkafar Kirsimeti. Idan muka yi amfani da kuɗin gwamnati muka mayar da kowa ɗakinsa, ko muka gina cibiya a Unguwar Rogo ta Musulmi zalla da wata a Kabong ta Kirista zalla, mun rage kuɗin mota amma mun toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da suka rage. An gudu daga gara an faɗa gidan zago.

Ba na cewa a fasa cibiyoyin unguwa, don ranar dokar hana fita su ne za su yi rana. Abin da nake cewa shi ne a ɗaure su da juna. Kamfanin da zai ci tallafi ya ɗauki ma'aikata daga ɓangarorin gari, a haɗa su a rukunin aiki ɗaya, su haɗu ido da ido kwana ɗaya ko biyu a mako a babbar cibiya a wurin da kowa ke zuwa ba tare da fargaba ba, kamar titin Ahmadu Bello ko wajen tsohon filin jirgi. Binciken Bloom na 2024 ya riga ya nuna cewa raba mako ba ya rage ingancin aiki. Hukumar samar da zaman lafiya ta jiha, wadda aka kafa a 2016, ya kamata ta zauna a teburin da za a zaɓi wuraren, domin a Jos inda aka ajiye gini magana ce ta siyasa.

Ƙungiyoyin sa-kai bukatarsu ƙarama ce, kuma ita ta fi sauƙin biya: a mayar da takardunsu na kuɗi da na waɗanda suke taimakawa zuwa ma'ajiyar intanet mai tsaro, a koya wa ma'aikata biyu ko uku sarrafa ta, a ba su kujeru a cibiyoyin. Da ƙungiyar da na ambata a farko tana da wannan, da rahotonta bai bi ta littafin ɗan makaranta ba.

8.0 Kira

Ina kira ga gwamnatin Gwamna Caleb Mutfwang, da PICTDA, da NITDA da Bankin Masana'antu, da a gwada abin a ƙarami kafin a yi shela. A nemi gine-ginen gwamnati da ke zaune ba kowa, a gyara huɗu ko biyar a Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, a sa musu sola da layin intanet biyu, a damƙa su ga masu gudanarwa ta hanyar gasa a fili. Masu amfani su biya ɗan kuɗi kaɗan, don abin da aka ce kyauta ne ba mai gyara shi idan batir ya mutu. A ware kuɗin canza batir tun ranar farko. A buga sunan duk kamfani da ƙungiyar da ta ci tallafi, da nawa ta ci, da mutum nawa ke karɓar albashi bayan shekara ɗaya.

Ga malamaina na jami'a kuma, a tura ɗalibai su bi sawun waɗanda suka amfana da NG-CARES da 3MTT a Filato, gida-gida, a tambaye su inda kayan suke da aikin da suke yi yanzu. Idan Allah ya kai mu zama na gaba a kan wannan batu, da wannan ƙidayar ya kamata mu buɗe taro.